Rijiya Ta Ba Da Ruwa, Guga Ya Hana

 Abin da zan yi magana a kansa shi ne kuɗin taimakon marayu da yadda akan kashe su. Na san wasu za su ce, me 'yar aji biyar ta sani game da kuɗi, ita da ba ta taɓa riƙe abin da ya wuce kuɗin kashewa na zango ɗaya ba? Gaskiyarsu. Amma bara an ba ni riƙon kuɗin jama'a na ji kunya, kuma kunyar nan ce ta kai ni ga labarin da zan ba ku.

A zango na biyu na bara muka kafa ƙungiyar taimakon marayu a nan makaranta. Niyyarmu mu sayi sabulu da littattafan rubutu da takalma, mu kai wani gidan marayu da ke cikin gari. Aka zaɓe ni ma'ajiya, wai don ina da ƙoƙari a lissafi. Ranar ziyara muka zagaya da gwangwanin madara, iyaye suka yi ta sakawa, wata tsohuwa ma sai da ta kwance bakin zanenta. Da dare muka ƙirga, naira 62,500. Sai muka ce ai irin wannan aiki ba a fara shi a ɓoye, lalle a yi bikin buɗewa. Muka ba da naira 14,000 aka rubuta mana sunan ƙungiya a ƙyalle. Lemon kwalba da biskit na manyan baƙi suka ci 19,000. Mai hoto ya karɓi 8,000, bajon da 'yan kwamiti muka maƙala a ƙirji kuma 9,500. Biki ya yi kyau, an tafa mana.

Ranar da Malama mai kula da ƙungiyar ta ce in kawo kuɗin a je kasuwa, na juye gwangwani a kan teburinta, sai ga naira 10,300. Lissafi ya ce 12,000 ya kamata a samu. Ina 1,700? Ban sani ba. Ba ni da rasit ko ɗaya, ban rubuta kome ba. Ban ci ko kwabo ba, amma wa zai shaide ni? Malama ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Bayan kwana biyu ta kira ni ofis, ta miƙo mini waɗansu takardu na labaran jaridu, ta ce, "Ki je ki karanta, ki ga ba ke kika fara ba. In kin gama ki rubuta wa mujalla abin da kika gane." To, ga shi.

Malawi ƙasa ce a kudu maso gabashin Afirka, ba ta da bakin teku sai wani babban tafki. Ta sami mulkin kai daga Ingila a 1964, babban birninta Lilongwe, mutanenta yawancinsu manoma ne, abincinsu tuwon masara kamar namu. Cutar ƙanjamau ta yi mata ɓarna ƙwarai, har a wajen 2006 ana ƙiyasta marayun ƙasar sun kai miliyan ɗaya. A wannan shekara ce wata shahararriyar zabiya ta Amurka, Madona, ta kafa asusun taimakon yaran ƙasar, ita da wani mutum mai suna Michael Berg na cibiyar addinin Kabbalah da ke Los Anjelis. Suka sa wa asusun suna Raising Malawi. Malamin Turanci ya ce mini sunan yana iya nufin raino, yana kuma iya nufin ɗagawa. Ita Madona ta ɗauki riƙon yaran Malawi, ɗaya a 2006, ɗaya a 2009, wasu tagwaye kuma daga baya.

Mai suna ba ya wahalar tara kuɗi. A watan Fabrairu na 2008 aka yi wata liyafa a harabar Majalisar Ɗinkin Duniya a Niyok, kamfanin Gucci ya ɗauki nauyi, manyan 'yan wasa da mawaƙa suka hallara. A dare ɗaya aka tara dala miliyan 3 da dubu 700, don asusun Madona da Asusun Yara na Majalisar. Mu da muka yini muna yawo da gwangwani mun san darajar wannan.

Babban burin asusun shi ne gina makarantar kwana ta 'yan mata kusa da Lilongwe, a wani ƙauye mai suna Chinkhota. An ce za ta ci dala miliyan 15, ta ɗauki 'yan mata tsakanin 400 da 500, a yaye likitoci da lauyoyi da shugabannin gobe. Da na karanta wannan sai da na ji kwaɗayi, don ni ma 'yar makarantar kwana ce, na san yadda ruwa ke zuba a ɗakin kwananmu da damina. Gwamnati ta ce filin nata ne, ta umarci mutanen da ke zaune suna noma a wurin su tashi. An biya su diyya, amma da yawansu sun yi kukan ba ta isa ba. A watan Oktoba na 2009 Madona ta zo aka yi bikin fara aiki, ta dasa itace. A watan Afrilu na 2010 ta sake dawowa ta aza tubalin farko, masu hoto suka ɗauka, duniya ta gani.

Daga tubalin nan gini bai tashi ba. A watan Maris na 2011 jaridar New York Times ta buga cewa an fasa aikin, bayan an kashe dala miliyan 3 da dubu 800. Ba aji, ba ɗakin kwana, ba yarinya ko ɗaya da ta zauna a benci. Mutanen da aka tasa kuwa sun riga sun rabu da gonakinsu.

To, ina kuɗin suka shiga? Nan ne na fi daɗewa, don nan darasin yake. Wajen ƙarshen 2010 Madona ta ɗauko wani kamfani mai ba masu kyauta shawara, Global Philanthropy Group, ya binciki aikin. Bisa ga abin da jaridar ta ruwaito daga binciken, kuɗin sun tafi wajen biyan masu zanen gini, da albashi, da hayar ofis, da motoci. An sayi motoci biyu don ma'aikatan da ba a ma ɗauke su aiki ba tukuna. An ba shugabar makarantar gida kyauta da mota da direba, har da biya mata kuɗin shiga kulob ɗin wasan golf, alhali makarantar da take shugabanta ba ta wuce zane a takarda ba. Mai binciken ya ce ko takardar mallakar filin ba a samu ba. Ku duba fa, an tashi mutane, an yi biki sau biyu, an biya masu zane, amma takardar da za ta nuna filin na asusun ne babu ita. Ko a ƙauyenmu ba wanda zai sayi bulo bai shaida iyakar filinsa a gaban mai unguwa ba.

Da na kai nan sai na ce, ashe ma'aikatan Malawi ne suka cuci marayun ƙasarsu. Amma takarda ta gaba ta sa na janye maganata. A watan Afrilu na 2011 mujallar Newsweek ta buga cewa cikin kuɗin nan, dala 850,000 kaɗai aka kashe a cikin Malawi. Sauran, kusan miliyan 3, a ofishin Los Anjelis aka kashe su. Wato abin da ya taka ƙasar Malawi bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ma'aikata takwas da aka sallama kuma suka kai ƙara kotu, suna cewa an kore su ba bisa ƙa'ida ba, ba a biya su hakkinsu ba. Kowane ɓangare yana nuna ɗan'uwansa da yatsa. Wannan ya koya mini in daina yanke hukunci da takarda ɗaya. Kuma na lura, in abu ya ɓaci, wanda ke ƙasa aka fi saurin kira da suna.

Ya kamata in faɗi gaskiya game da ita zabiyar. Ba a ce ta saci kuɗin ba. Jaridar ma ta ce ita kanta ta ba asusun rancen dala miliyan 11. Rijiya ta ba da ruwa, guga ne ya hana. Amma wa ya zaɓi gugan, wa kuma ya kamata ya riƙa leƙawa ya ga ko yana yoyo? Babban daraktan asusun, wanda ya bar aiki a watan Oktoba na 2010, saurayin matar da ta taɓa koya wa Madona motsa jiki ne. Kwamitin da ke sa ido kuma na mutanen gida ne, abokan tafiyarta. Ni a ganina nan bango ya tsage. Idan wanda zai bincike ka abokinka ne, kunya za ta hana shi tambayarka rasit. Haka aka yi a ƙungiyarmu. Sakatariyarmu ƙawata ce, gadonmu ɗaya, ni a sama ita a ƙasa. Ba ta taɓa cewa in nuna mata lissafi ba, ni ma ban taɓa tambayarta wa ya yarda a sayi bajo ba.

Malama ta bayyana mini yadda ya kamata asusu ya kasance, na kuwa rubuta a bayan littafina. Akwai masu bayarwa, akwai masu kashewa, akwai kuma amintattu waɗanda aikinsu su tambayi masu kashewa. Bai kamata mutum ɗaya ya zama biyu daga ciki ba tare da wani na dubansa ba. Kowace shekara a kira odita daga waje, wanda ba ya cin albashin kowa a cikinsu, ya gwada abin da aka rubuta da abin da ke banki da abin da ido ke gani a ƙasa. A Amurka doka ta sa irin waɗannan asusai su cika wata takarda mai lamba 990 kowace shekara, su kai wa hukumar haraji, su nuna abin da ya shigo da abin da ya fita da albashin manyansu. Kowa yana iya neman takardar ya karanta, da irinta 'yan jarida ke bin sawun kuɗi. Sai dai takardar takan fito ne bayan an riga an kashe. Masu bayarwa kuma kaɗan ne ke karanta ta. Sun ga fuskar da suka sani, sun ga hoton yaro, shi ke nan sun sa hannu a aljihu.

A nan ne sunan mai suna ke zama matsala. Sunan da ke jawo kuɗi shi ne kuma ke hana tambaya. Mutum zai ce, wannan da ta fi ƙarfin dala miliyan, me za ta yi da 'yan kuɗina? Gaskiya ne, ba za ta yi kome da su ba. Amma ai ba ita ke zaune a ofis tana sa hannu a takardun biya ba. Tana can tana yawon waƙa ƙasa ƙasa, Malawi sai ta zo ziyara ta 'yan kwanaki. Tsohuwar da ta kwance bakin zanenta ranar ziyara ita ma ba ta tambaye mu kome ba, ta ga rigar makaranta ne ta yarda.

Kada kuma a ɗauka duk kuɗin da aka kashe a ofis ɓarna ne. Na yi wannan kuskure, Malama ta gyara mini. Dole a biya akawu, dole a sami mota in aikin na ƙauye ne, odita ma ba kyauta yake aiki ba. Asusun da ya ƙi biyan mai lissafi don a ce yana da tsimi, shi ne ma ya fi saurin ɓata. Abin tambaya shi ne, wannan da aka saya, yana kusantar da yaro zuwa aji ko kuwa? Motar da ke kai siminti tana yi. Motar da aka ajiye don ma'aikacin da bai zo ba, ba ta yi. Da mun sayi littafin rasit na naira 500 da ya amfane mu, bajon naira 9,500 kuwa yana nan cikin akwatunanmu yana tsatsa.

Bayan abin ya fito fili aka rushe kwamitin asusun, aka kafa na riƙo, Madona da manajanta suna ciki. A watan Janairu na 2012 asusun ya haɗa kai da wata ƙungiya mai suna buildOn, wadda ta daɗe tana gina makarantun ƙauye. Yadda take aiki ya burge ni. Mutanen ƙauye su ba da fili da yashi da ƙarfinsu, su kuma yi alkawarin za su sa 'ya'ya mata daidai da maza, ita kuma ta kawo kayan gini da magina. Asusun ya ba da dala 300,000, kafin ƙarshen 2012 aka gama gini a wuri goma a gundumar Kasungu, inda aka ce yara fiye da 4,000 za su amfana.

Yanzu ku ɗauko alƙalami mu yi lissafi tare, tun da an ce ina da ƙoƙari. Dala 300,000 a raba gida goma, kowane gini ya ci 30,000. To a raba dala miliyan 3 da dubu 800 da 30,000. Amsa 126, har da ragowar dala 20,000. Wato kuɗin da suka tafi ba a ga kome ba sun isa a yi irin wannan gini a ƙauye 126. Ga wani kuma. Makarantar da aka fasa, dala miliyan 15 ce. Ko da an ce 'yan mata 500 za ta ɗauka, gurbin kowace yarinya ya tashi a kan dala 30,000, daidai da kuɗin ginin ƙauye guda. Sau uku na sake wannan lissafi a lokacin firef, ina tsammanin na yi kuskuren sifiri. Na yarda makarantar sakandare ta kwana ba ɗaya take da ajin firamare ba, tana bukatar ɗakin kimiyya da ɗakin kwana da kicin. Ba na kuma cewa 'yar talaka ba ta cancanci makaranta mai kyau ba. Amma ya kamata a ce wani ya yi wannan rabawa tun kafin a kira masu zane, ya ajiye amsar a gaban kwamiti su duba.

Ko wannan aiki na biyu bai wuce ba gardama. Asusun ya ce ya gina makarantu goma. A 2013 ministar ilmi ta Malawi, Eunice Kazembe, ta ce a'a, azuzuwa aka gina a makarantun da da ma suna nan. A watan Afrilu na shekarar, da Madona ta kai ziyara, fadar shugabar ƙasa Joyce Banda ta fitar da wata takarda mai zafi tana sukarta. Akwai abin da ya ƙara dagula lamarin, don shugabar makarantar nan da aka sallama 'yar'uwar Joyce Banda ce. Ni dai ba zan shiga faɗan manya ba. Abin da na ɗauka shi ne, lissafi bai tsaya ga kuɗi kaɗai ba, har abin da aka ce an yi sai an ƙirga shi da sunansa. Yaron da ya tashi daga gindin bishiya ya shiga aji mai rufi ya ci riba, ko me aka kira ginin. Amma wanda ya ba da kuɗinsa yana da hakkin a gaya masa aji ne ko makaranta. Mu ma a jawabin bikinmu mun ce za mu "tallafa wa marayun jihar nan", alhali gida ɗaya muka sani, mai yara ba su fi talatin ba.

Asusun bai mutu ba. A watan Yuli na 2017 aka buɗe sashen yi wa yara tiyata da kula da masu tsananin ciwo a babban asibitin Sarauniya Elizabet da ke birnin Bilantaya, irinsa na farko a ƙasar, aka sa masa sunan Mercy James, 'yar da Madona ta ɗauka a 2009. Wannan karon a cikin asibitin gwamnati aka gina shi, tare da likitocin da suka shekara suna aiki a wurin, waɗanda suka san abin da ake bukata. Ginin yana tsaye, ana iya zuwa a gani. Mutanen Chinkhota kuwa makarantar da aka tashe su dominta ba ta zo ba.

Iyayenmu, ku ake zuwa wa da gwangwani da katin gayyata, a makaranta da unguwa da gidan rediyo. Wani lokaci mai roƙon sananne ne, kuna jin nauyinsa. Ina roƙonku ku riƙa tambaya ko da a cikin raha ne: bara nawa kuka tara, me kuka yi da su, wa ya duba, a ina zan je in gani? Da tsohuwar nan ta yi mana tambaya ɗaya daga cikin waɗannan, da ba mu kira mai hoto ba.

Mu dai ga abin da muka yi. Naira 1,700 na biya daga kuɗin kashewata, na yi sati uku ban leƙa wurin mai ƙosai ba. Da naira 12,000 muka sayi sabulu da littattafai muka kai, takalma kuwa ba a samu ba. Bana an sake zaɓe, na ce a ba wata, aka ƙi, wai wanda maciji ya sara shi ya fi sanin rami. Na karɓa bisa sharaɗi. Kuɗi suna ofishin Malama, ba a fitar da ko naira ɗaya sai mutum biyu sun sa hannu, kuma ba 'yan ɗaki ɗaya ba. Mun roƙi wata 'yar aji shida wadda ba ta cikin ƙungiyar, ba ta kuma cika dariya da kowa ba, ta zama oditarmu. Ƙyallen bara shi za mu sake ɗaurawa, mun shafe shekarar da fenti. Ranar ziyara mai zuwa za ku ga takarda manne a ƙofar ɗakin cin abinci, shiga a hagu, fita a dama, rasit kuma suna cikin ambulan a wurina. Takalma talatin muke nema, mun riga mun auno ƙafafun yaran da zare.